Ku Tambayi Anti: Ya Sa Ogana a CC, Ni Ma In Rama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah ina neman shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, akwai wani abokin aikinmu a sashen sayen kaya da muka kai shekara biyu muna mu'amala lafiya lau. Ranar Litinin ya turo min imel wai a biya wani ɗan kwangila, na duba na ga babu takardar shaidar karɓar kaya a fayil ɗin, na kira shi a waya na faɗa masa ya ce ba komai zai turo, shiru bai turo ba. Ranar Alhamis da safe ina buɗe kwamfuta kawai na ga saƙonsa wai "har yanzu muna jiran biyan nan tun Litinin", kuma ya sa ogana a CC, wato layin da ake sa wanda za a ba kwafin saƙo, har da nasa ogan! Anti wallahi jikina har rawa yake don ɓacin rai, nan take na rubuta amsa mai zafi na sa shugaban kamfanin gaba ɗaya a CC, tana nan ban tura ba. In tura ko kar in tura? Daga wata mai bibiyar shafinki.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki tura. Kafin ma ki ƙarasa karanta amsar nan ki je ki cire duk adireshin da ke saman wannan saƙon, don kar yatsa ya zame miki, domin magana zarar bunu ce. In Gmail kuke amfani da shi, damar janye saƙo bayan an tura ba ta wuce sakan 30, shi ma sai in kin saita shi haka da kanki, in kuma Outlook ne to janyewar tana aiki ne a tsakanin 'yan kamfani ɗaya kawai kuma ba kullum take ci ba, sau da yawa ma kafin ki janye mutum ya riga ya gani a wayarsa.

Na fahimci zafin da kika ji kuma ba zan ce miki wai ai ba komai ba ne, don komai ne. Ita wannan CC ɗin asalinta daga zamanin tafireta ne, lokacin da ake saka takardar kabon tsakanin farare biyu a buga wasiƙa sau ɗaya ta fito biyu, a aika ɗaya a ajiye ɗaya ko a kai wa wani don ya san halin da ake ciki. Da imel ya zo sai ya gaji sunan, tun cikin ƙa'idojin da aka rubuta masa a 1977 akwai layin CC da na BCC, wato kwafin da sauran waɗanda aka tura wa ba sa ganin wa aka ba. To ma'anarta a takarda kenan, "ga kwafi don ka sani, ba sai ka yi komai ba". Amma a zahirin ofis kowa ya san in aka rubuta wa mutum "har yanzu muna jira" aka jera ogansa a ƙasa, ba da shi ake magana ba, da ogan ake. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Kai ƙara ce aka yi mata kwalliya. Akwai ma wani masanin harkar shugabanci, David De Cremer, da ya wallafa bincikensa a mujallar Harvard Business Review a 2017, abin da ya gano shi ne yawan sa oga a CC yana sa abokin aiki ya ji ba a yarda da shi ba, kuma daga nan sai rashin yardar ya yaɗu a wurin aikin. Wato abin da ya sa jikinki rawa ba naki ba ne ke kaɗai.

Amma bari in ɗan ja kunnenki, ke ma akwai inda kika bar ƙofa a buɗe. Kin kira shi a waya, da kyau, waya ta fi saurin kashe magana. Sai dai waya ba ta barin sawu. Duk wanda ya buɗe wannan zaren imel ɗin yau abin da zai gani shi ne an roƙe ki abu ran Litinin, kin yi shiru har Alhamis. Da bayan kin ajiye wayar kin rubuta layi ɗaya, "kamar yadda muka yi magana yanzu, ina jiran takardar karɓar kaya kafin in biya", da ko ya sa duniya a CC kansa zai tona wa asiri. Ni sai da irin haka ta same ni a farkon aikina na koyi wannan, wani ya musanta maganar da muka yi baki da baki a gaban mitin, ina zaune ba ni da ko takarda ɗaya da zan nuna.

Yanzu ga abin yi. Ki amsa wa duk waɗanda ya sa, shi da oganki da ogansa, tunda a gabansu aka yi zargin to a gabansu ya kamata amsa ta fito, in kika amsa masa shi kaɗai sai ya zama oga ya ga tuhuma bai ga bayani ba. Amma kar ki ƙara ko mutum ɗaya. Shugaban kamfani kuma ki bar shi ya sha iska, in kika jawo shi kan takarda guda ɗaya abin da zai riƙe ba wai wa ke da gaskiya ba, sai dai "waɗannan biyun ba sa iya warware ƙaramin abu". Amsar kuma ta zama gajera, sanyi ƙalau, kwanan wata da abin da ya faru kawai. Kamar haka: "Barka da safiya. Kamar yadda na sanar da kai a waya ranar Litinin, ba a haɗo takardar shaidar karɓar kaya ba, kuma ba mu da damar biya sai da ita. Da zarar ta iso zan kammala a ranar. Na gode." Shi kenan. Babu "ban ji daɗi ba", babu "ya kamata ka sani", babu alamar motsin rai guda uku a jere. Oga mai hankali yana karanta wannan ya gane inda gizo ke saƙa ba sai kin nuna masa da yatsa ba.

Bayan haka ki leƙa wurin oganki minti biyu ki ce "yallaɓai ka ga saƙon nan, ga yadda abin yake, ina kai", don ya ji daga bakinki. Sannan in zuciya ta huce, gobe ko jibi, ki samu shi abokin aikin ku biyu ki ce masa in wani abu ya maƙale a wurinki ya taɓo ki tukuna. Ki kuma bar masa ƙofar uzuri, wataƙila nasa ogan ne ya tasa shi gaba da tambaya shi kuma ya nemi wanke kansa, wataƙila ma ya manta shaf da wayar da kuka yi, akwai kuma sassan da dokarsu ce duk imel ɗin da ya shafi kuɗi sai an sa shugaban sashe. Shekara biyu kuna lafiya ai ba a zubar da ita kan saƙo ɗaya. In ya maimaita bayan kun yi magana, toh wannan kuma hali ne, daga nan duk hulɗarki da shi ta koma a rubuce.

TAMBAYA: Anti barka da warhaka. Ni sabon ma'aikaci ne wata huɗu kenan, akwai wata da aikina ba ya tafiya sai ta turo min alƙaluma duk ƙarshen wata amma sai in tura imel biyu uku ba ta amsawa, ni kuma ake yi wa faɗa ripot ya makara. Wani ya ce in riƙa sa ogarta a BCC yadda ita ba za ta gani ba. Ya kika gani?

AMSA: Ƙanena wanda ya ba ka shawarar nan ba ya ƙaunarka, ko kuma bai san yadda abin yake aiki ba. Gaskiya ne ita ba za ta ga sunan ogar ba, amma ranar da ogar ta danna maɓallin amsa wa kowa, amsarta za ta faɗa akwatinka da na ita baiwar Allahn, sai ta ga mutumin da ba a rubuta wa ba yana amsawa, ka ga asiri ya tonu kuma sunanka ya zama munafuki kana wata huɗu da fara aiki. Ko bai tonu ba ita ogar ta san ka iya yin abu a ɓoye, gobe in ka turo mata saƙo za ta riƙa tunanin wa kuma ka laɓe a bayansa. BCC tana da amfaninta, in za ka tura sanarwa ga mutane da yawa da ba su san juna ba sai ka sa su a nan don kar ka raba adireshinsu, ko in wani ya haɗa ka da wani ta imel sai ka mayar da shi wanda ya haɗa ku ɗin BCC ka faɗa a fili cewa ka yi hakan don kar ku cika masa akwati. Ba ta leƙen asiri ba ce.

Abin da za ka yi, ka fara tashi ka je wurinta ko ka kira ta, wasu mutanen imel ɗari ke jiransu naka ya nutse ne kawai. Ka tambaye ta wace rana ce ta fi mata sauƙi, ku tsayar da ita, ka rubuta. A imel ɗin kuma ka daina cewa "a taimaka da alƙaluman nan", ka faɗi me kake so da ranar da kake so da dalili: ina buƙatar kaza zuwa Laraba da azahar saboda ripot zai tafi Alhamis. In duk ka yi wannan shiru, kai wurin naka ogan za ka je ba wurin tata ba, ka nuna masa ranakun da ka tura, shi ya san yadda zai yi magana da takwararsa. In har ta kama dole a sa oga a saƙon, to a CC a fili, ka faɗa mata tun kafin ka yi, kuma layin farko ya faɗi dalili, misali "na sa shugabannin sassanmu don su taimaka mana da tsara lokacin, tunda ripot ɗin ya shafe su". Af, kuma ranar da ta turo a kan lokaci ta fitar da kai kunya, ka rubuta godiya ka sa ogarta a CC, wannan ce CC ɗin da ban taɓa jin wanda ya yi fushi da ita ba.

Abu ɗaya da ba ya cikin wannan lissafin, in magana ta kai ga cin zarafi ko almundahana ko abin da zai cutar da wani, ba a bin wannan matakan, sashen kula da ma'aikata ko hanyar kai ƙorafi ta kamfani ake nufa kai tsaye.

TAMBAYA: Hajiya ni ne ogan da ake sawa a CC ɗin. Ina da mutum tara a ƙarƙashina, kowa ya yi atishawa sai ya sa ni, akwatina ya cika har muhimman saƙonni na ɓacewa. Mene ne mafita?

AMSA: Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri amma sai na tambaye ka, ranar da wani abu ya lalace me kake fara cewa? In "me ya sa ba a sanar da ni ba" ne, to kai ka koya musu, suna neman mafaka ne. A mitin na gaba ka faɗa musu abubuwan da kake son gani, wanda ke buƙatar sa hannunka, wanda ya shafi kuɗi ko alƙawari da mutanen waje, da wanda aka bi sau biyu bai motsa ba, sauran su tara maka a bayanin mako. Ka ce in ana son ka yi wani abu a sa ka a layin wanda aka rubuta wa, ba CC ba. Gmail da Outlook duk suna ba da damar saita tacewa yadda saƙon da kake CC a ciki zai wuce wata jaka daban, ka riƙa dubawa sau ɗaya a yini. Kuma in ka ga an sa ka don a tsorata wani, kar ka yi tsalle ka faɗa cikin zaren, ka kira wanda ya turo gefe ka tambaye shi ko ya yi magana da mutumin tukuna.