Re: Wayar ƙofar bayan a-kori-kura, ɗaya ta ɗame ɗaya ta saki

Malam, ka ce in ka sauke ƙofar baya wayar dama ce kaɗai ke ɗamewa, ta hagu tana lilo, wai ko akwai matsala. Akwai kam, don duk buhun da ka dire a kan ƙofar nan waya ɗaya ce ke ɗaukarsa, kuma ran da ta tsinke ta hagun ba lallai ta tare ba saboda fizga ɗaya nauyin zai faɗo mata.

Ka kwance duka biyun ka jera su a ƙasa ka gwada tsawonsu. Sau da yawa wani ne ya taɓa canja guda ɗaya da wadda ba sayis ɗinta ba. In tsawon ɗaya ne to ba laifin waya ba ne, sai ka musanya su, in har hagun ce dai ke saki to hinjin ƙasa ya ci ko ƙofar ta ɗan murɗe, aikin fanel bita ne wannan.

Sannan ka matsa robar da ta lulluɓe wayar, in ta kumbura ko ta tsage ruwa ya shiga tsatsa na ci ta ciki ba ka gani. Kan tsatsar nan ne fa kamfanin General Motors (GM) ya janye motocin a-kori-kura kusan miliyan 4 a 2004, su Silverado da Sierra.

In canji ne ka sayi biyu tare, kuma don Allah kar a yi wa wayar walda.