Tambaya da Amsa: Na bi sha'awar yara, an ce wasa kawai nake koya musu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan shekara 3 zuwa 4 a wata makarantar nazare a Zariya. A wani bita aka ce mana mu riƙa ɗauko maudu'in darasi daga abin da yara suka nuna sha'awa. Mako biyu na yi ina gwadawa, sai iyaye suka fara ƙorafi wai wasa kawai muke yi, mai makaranta kuma ya ce littattafan yara fayau suke. Ina tsoron a sallame ni. Kuskure na yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hankalinki ya kwanta, hanyar da kika ɗauko tana da tushe. A garin Reggio Emilia na Italiya, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami mai suna Loris Malaguzzi da iyayen garin suka gina makarantu a kan wannan tunani. A nan gida ma, manufar ilimi ta ƙasa ta ce ta hanyar wasa za a koyar a wannan mataki.

Manhajarki tana nan, ba za ki jefar da ita ba. Ita ke faɗa miki abin da yaro zai iya: ƙirga, kwatanta girma, sauraro, magana. Yara kuma su ke ba ki abin da za ki ɗora waɗannan a kai. A ce ɗan ga-ruwa ya turo kura ta bakin ƙofar makaranta, yara suka rugo taga. To ga maudu'in mako ya zo da ƙafarsa. Ku ƙirga jarkoki. Ku cika gwangwani ku zubar, su bambance cikakke da wanda babu komai, mai nauyi da mara nauyi. Ki tambaye su daga ina ruwan ya fito. Da yamma ki rubuta abin da kowane yaro ya faɗa da abin da ya iya, shi ne shirinki na gobe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "littafi fayau". Kullum sai na ji ta. An sa wa iyaye a kai cewa yaron da bai cika shafi da 1 zuwa 100 ba bai koyi komai ba. Ɗan shekara 3 yatsunsa ba su yi ƙwarin da zai daɗe riƙe da fensir ba. Yumɓu, yage takarda, zuba yashi da zane da gawayi su ke ƙarfafa hannun. Idan aka tsallake wannan aka danne shi da kwafi, malama ce za ta riƙe hannunsa ta rubuta, ko yayarsa ta yi masa aikin gida, a kai wa uba ya ji daɗi. Wa aka yaudara? Na sha ganin yaro yana rera 1 zuwa 50 kamar waƙa, ka zuba masa duwatsu 6 ya kasa gaya maka nawa ne. Wasu masu makarantu sun san haka sarai, amma cikakken littafi shi ne tallarsu. Masu duba makarantu kuma su zo su nemi shirin darasin zango guda a rubuce tun kafin malama ta san sunayen yaranta, ba su taɓa zama minti 10 sun saurari ajin ba. Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma wanda aka sa ya tsani fensir tun yana ɗan shekara 3, malamin firamare ne zai sha wahalar dawo da shi.

Game da aikinki, kada ki yi jayayya da mai makaranta da baki. Ki buɗe wa kowane yaro fayil: zanensa, kalmominsa da kwanan wata, da sashen manhajar da ya dace da su. Ranar Juma'a ki gayyaci iyaye biyu ko uku su shigo aji, ki miƙa wa yaro jarkokin wasa ya ƙirga a gabansu.