Cocin St Mary-le-Bow: shekarun wuri daban, na gini daban

Tambaya: Malam, na karanta cewa cocin St Mary-le-Bow da ke tsakiyar Landan ya haura shekara 900, amma a hoto ginin bai yi kama da tsoho haka ba. Ina gaskiyar take?

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba, kuma abin da ka karanta daidai ne. Wajen 1080 Lanfranc, Babban Bishop na Kantabiri, ya sa aka gina cocin a titin Cheapside. A lokacin babu ma ɗarikar Angilika, wadda cocin ke ƙarƙashinta yanzu. Sai a 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Paparoma. Abin da ya rage na ginin farko yana ƙarƙashin ƙasa: ɗaki mai gajerun ginshiƙan dutse da rufi a lanƙwashe, kamar bakan gizon da maginanmu ke ɗaurawa a soro. Ni dai a ganina can ne tarihin yake.

Na sama kuwa ya sha wuya. Guguwa ta yaye rufinsa a 1091, hasumiyarsa ta rufta a 1271, sannan gobarar 1666, wadda ta cinye coci 87 a birnin, ta gama da shi. Mai zanen gine-gine Christopher Wren ya sake gina shi, ya kammala hasumiyar a 1680. Da ake haƙa harsashinta aka ci karo da tsohuwar hanyar Rumawa, sai ya dasa ta a kai. A ƙolinta har yau akwai dodon tagulla mai nuna inda iska ta nufa.

A watan Mayun 1941 bama-baman Jamus suka ƙone cikin cocin ƙurmus, ƙararrawa suka faɗo ƙasa. Hasumiya da bango kaɗai suka tsira. An zuba sababbin ƙararrawa 12 a 1956, aka sake keɓe cocin a 1964. Shi ya sa ka ga cikinsa fes.

Ƙararrawar nan ba abin wasa ba ce wurin mutanen Landan. A al'adarsu, sai wanda aka haifa inda ake jin amonta ne cikakken ɗan gari. Yanzu hayaniyar motoci da dogayen benaye sun taƙaita nisan da amon ke kaiwa, ga shi kuma 'yan ƙalilan ne ke kwana a unguwar, ofisoshi da bankuna sun mamaye ta.