Akwatin Tambayoyi: Ina Tawa take a tsohuwar taswirar Nasara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mushen lakwal ne a nan Tawa, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa. Wani ɗalibina ya kawo mini hoton wata taswirar Afirka da ya samo a intanet, wadda aka ce an buga a 1570. Mun ga Agades da Cano da Casena da Guber da Zanfara, amma babu Tawa, babu Ƙonni, babu Adar, balle Yamai. Kogin Kwara kuma an zana shi yana gangarawa yamma. Yaran suka ce ashe garinmu na jiya-jiya ne. Me zan gaya musu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya kawo maka darasin mako guda a kyauta. Taswirar da kuka gani ta Abraham Ortelius ce, mutumin Antwap a ƙasar Beljiyam ta yau, kuma tana cikin kundin taswirorin da ya buga a 1570. Abin da za ka fara gaya wa yara shi ne, mutumin nan bai taɓa taka ƙasarmu ba, bai ma aiko kowa ba. A zaune yake cikin ɗaki, ga littattafai ga taswirorin waɗanda suka riga shi, yana kwafa.

Sunayen da kuka karanta kusan duk daga bakin mutum ɗaya suka fito, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An haife shi a Garnaɗa, ya tashi a Fas, ƴan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai shi Rum wurin Fafaroma. A can ya rubuta bayanin Afirka, aka buga shi a Venis a 1550. A ciki ya jero ƙasashen baƙar fata ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan Gobir da Agadas da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Barno. Game da Gobir ya ambaci dukawa masu ɗinka takalma da ake kaiwa Tumbutu da Gao. Masana har yau suna jayayya kan ko ya iso ƙasar Hausa da ƙafarsa ko a bakin fatake ya ji. Ko wanne ne, sunayen da ya kai Turai su ne waɗanda ayari ke ambata, wato garin da ke da sarki da babbar kasuwa, inda Balaraben Fas ke da abokin ciniki.

Duk lokacin da na buɗe irin waɗannan taswirori mahaifina nake tunawa, Allah ya jiƙansa. Ya yi fatauci tsakanin Adar da Abzin tun kafin a shimfiɗa kwalta. In baƙo ya tambaye shi hanyar Agadas, sai ya share rairayin zaure da tafin hannu, ya dangwala yatsa ya ce nan Tawa. Ya ja layi, ya sake dangwalawa, Tabalak, a cika salka. Sai Abalak, sai Ingal, ruwan can da ɗanɗanon gishiri, kada a bar raƙumi ya wuce kima. Kowane zango da kwanakinsa da halin rijiyarsa. Garuruwa nawa ne ke dama da hagun wannan layi da bai taɓa dangwala musu yatsa ba? Ba su ƙirguwa, kuma suna nan da mutanensu da gonakinsu. Hanyarsa ce kawai ba ta bi ta kansu ba. To, ka ɗauki wannan zanen rairayi, ka juya shi da Larabci, daga nan zuwa Italiyanci, sannan ka miƙa wa mai sassaƙa a kan farantin jan ƙarfe wanda bai san inda gabas ɗin Gobir take ba. Abin da zai fito shi ne ke hannun ɗalibinka.

Shi ya sa nake amincewa da sunayen, wani lokaci har da jerinsu, amma ban amince da wurin da aka dasa su ba. Za ka ga an ɗora Gobir can nesa da ƴan'uwanta, an ba kowane gari ɗan zanen hasumiya irin ta Turai, an jera duwatsu kamar tulin gero a inda babu ko tudu. A taswirorin da suka biyo baya har giwa da zaki da jimina ake sakawa inda labari ya ƙare. Farantin jan ƙarfe yana da tsada, don haka akan yi ta buga shi shekara da shekaru, kuskure ɗaya ya yi ta haihuwa daga wannan maɗaba'a zuwa waccan.

Maganar kogi kuwa tsohon kuskure ne. Tun a 1154 al-Idrisi, yana aiki a fadar sarkin Sisili, ya nuna wani kogi da ya kira Nilun baƙar fata yana tafiya yamma zuwa teku, shi ma Wazzan ya ce yamma yake gudu. Masu zane suka haɗa Kwara da kogin Sanagal da na Gambiya suka mai da su ruwa ɗaya, suka ƙara masa tafkuna, har da wurin da wai yake nutsewa ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo gaba. Duk wannan lokaci masuncin Gao da mai kwale-kwalen Sayi sun san inda ruwansu ke zuwa, ba a dai tambaye su ba. Sai a 1796 wani Bature matafiyi, Mungo Park, ya tsaya a Segu ya ga ruwan yana tafiya gabas, sai kuma a 1830 ƴan'uwan nan biyu, su Lander, suka bi shi har bakin teku. Ko gyaran ma da nasa kuskuren ya zo, domin taswirar da James Rennell ya zana wa tafiyar Park ita ce ta kawo wasu dogayen duwatsu, wai Duwatsun Kong, waɗanda suka zauna a kan takarda kusan shekara 90 kafin wani hafsan Faransa, Binger, ya je ya tarar babu su.

Akwai abu guda da nake so ka nuna wa yara, don kada su ɗauka zanen ƙasa aikin Nasara ne kaɗai. A 1824 matafiyin Birtaniya Clapperton ya sauka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa tafiyar Kwara a kan ƙasa, kamar yadda mahaifina ke yi, aka kuma ba shi taswira a takarda da sunaye cikin haruffan Larabci. An buga ta a Landan a 1826. Shi ma Bajamushen matafiyi Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya haye Kwara a Sayi a 1853, amma hanyarsa ta Katsina da Sakkwato da Gwandu ce, bai ratsa Adar ba. Yawancin abin da ya rubuta kan wuraren da bai je ba daga bakin matafiya ya tattara shi, zango bayan zango.

Abin da ya sa Tawa ta yi girma a taswirar Faransawa kuwa rigimar iyaka ce. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 aka dasa tsinin kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, duk abin da ke ciki na Ingila, har da Ƙonni. Sai Faransawa suka rasa hanya mai ruwa daga kogi zuwa Damagaram, dole suka riƙa zagayawa ta Filinge da Tawa. Suka yi ta kuka har aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura ayarin hafsan Faransa Tilho ya auna iyakar gari-gari, rijiya-rijiya. Yamai kuma sai a 1926 ta karɓi babban birni daga Damagaram. In yara suna son tarihin Adar kafin Nasara, ka nemo musu aikin Farfesa Djibo Hamani na 1975, sannan ka tura su wurin tsofaffin Bilbis da Fakuwa, tsoffin unguwannin Tawa, da littafi da alƙalami.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a jami'a a Yamai. Me ya sa ake rubuta Tahoua da Dogondoutchi da Tessaoua, alhali ba haka muke faɗa ba?

AMSA: Ƴata, kunnen Bafaranshe ne ya ji, hannunsa ya rubuta da ƙa'idar harshensa. Inda muke da wa shi yana sa oua, shi ya ba ki Madaoua da Tessaoua maimakon Madawa da Tasawa. Ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ, don haka Ƙonni ta koma Konni. Wannan rubutu ya shiga taswira, daga taswira ya shiga takardar haihuwa da allon bakin hanya, ya zauna.

Abin yana damuna, ba zan ɓoye miki ba, domin na ga yaro Bahaushe yana karanta Guidan Roumdji bai gane gidan wani aka ce ba. Sunayen nan bayanin ƙasa ne. Doutchi dutsi ne, Goulbi gulbi ne, Tounga tunga ce, Birni gari ne da ya taɓa yin ganuwa, Dallol kuwa kalmar Fulatanci ce ta kwari. Na taɓa shimfiɗa wa wani dattijo a kwarin Majiya takardar taswirar yankinsu, ina karanto masa sunayen da ƙarfi yadda aka rubuta. Sau uku yana tsayar da ni yana gyara mini, a na huɗu ya ce wannan ba sunan garin ba ne, sunan rijiyar da ke bayansa ne, garin kansa ya tashi tun wata yunwa da aka yi yana yaro. Na rubuta gyaran da fensir a gefen takardar. In kin je hutu gida ki tafi da taswirar yankinku ki yi wa kakarki irin wannan karatu, ki rubuta kowane suna yadda ta faɗe shi kusa da na Nasaran, ki aiko mini in buga a wannan fili.