Memori mai araha a kyamara da na'urar jin waƙa: amsa ga ɗan'uwa mai tambaya

Wa'alaikumus salam Malam. Ka tambaya ko memori mai araha zai wadatar da kai, tunda guda biyu kake nema, ɗaya na kyamarar da kake ɗaukar hoto da ɗan bidiyo, ɗaya kuma na ƙaramar na'urarka ta jin waƙa, ga shi kuɗin masu tsadar ya yi maka nauyi. Na ga wasu 'yan'uwa sun amsa maka da cewa araha ba ta ado. Ban ce ba su da gaskiya ba, amma na daɗe ina mu'amala da waɗannan abubuwa, kuma abin da na gani shi ne memori mai araha iri biyu ne. Akwai mai araha mai gaskiya, wanda abin da aka rubuta a jikinsa shi ne a cikinsa, sai dai ba shi da sauri. Akwai kuma mai araha maƙaryaci, wato na jabu. Na farkon yana aiki shekara da shekaru. Na biyun ko kyauta aka ba ka, cutarka aka yi.

Bari in fara da na'urar waƙa, domin nan ne maganar ta fi sauƙi. Aikinta karantawa ne kawai, kuma abin da take karantawa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Waƙar MP3 mafi inganci, mai kilobit 320 a sakan ɗaya, kilobayit 40 kacal take buƙata a kowane sakan (bit takwas ne ke yin bayit ɗaya). Sautin da ya kai na faifan CD ba tare da an matse shi ba, kilobayit 176 ne. Memori mafi araha da ake sayarwa yanzu mai alamar Class 10 yana iya rubuta megabayit 10 a sakan, karatunsa kuwa yawanci ya zarce haka. Ka ga tazarar ta yi yawa. Saboda haka duk wanda ya ce maka waƙa za ta fi daɗi a kunne idan ka sa memori mai tsada, kada ka biye masa. A 2015 kamfanin Sony ya taɓa fitar da wani memori mai giga 64 da ya ce an yi shi musamman domin tsabtar sauti, aka yi ta muhawara a kai. Ni dai ban taɓa jin bambanci tsakanin memori da memori ba. Daɗin sauti yana ga ingancin fayil ɗin, da na'urar kanta, da abin da ka sa a kunne.

Wuri biyu ne kawai za ka ji nauyin mai araha a nan. Na farko ranar da kake zuba waƙoƙin daga kwamfuta: cika giga 64 da saurin mega 10 zai ci maka kusan awa biyu. Wannan haƙurin yini ɗaya ne. Na biyu lokacin da na'urar ke bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana tsara jerin sunaye, wanda kan ɗan ja lokaci idan waƙoƙin sun kai dubbai. Ko a nan ma sau da yawa laifin na ƙaramar ƙwaƙwalwar na'urar ne, ba na memorin ba.

Abin da ya fi kama mutane a na'urar waƙa ba sauri ba ne, girma ne. Memori aji-aji ne. Asalin SD, wanda SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗu suka fito da shi a 1999, iyakarsa giga 2. SDHC ya zo a 2006, ya kai giga 32, da tsarin fayil na FAT32. SDXC ya biyo baya a 2009, daga sama da giga 32 har tera 2, shi kuma da tsarin exFAT yake zuwa. Tsofaffin na'urori da yawa, da wasu sababbin masu sauƙin kuɗi, ba su san exFAT ba. Sai mutum ya sa giga 64 lafiyayye, na'ura ta ce babu memori, ya ɗauka an sayar masa da lalatacce. Wani lokaci idan ka yi masa fomatin zuwa FAT32 yakan karɓa, wani lokaci ya ƙi. Duba littafin na'urarka kafin ka saya. Giga 32 ma ba ƙarami ba ne, yana ɗaukar waƙoƙi sama da 3,000 masu minti huɗu-huɗu a mafi ingancin MP3.

Kyamara kuwa wani zance ne daban, kuma nan nake so ka ba ni hankalinka. Ita rubutawa take yi, kuma rubutu shi ne inda memori mai araha yake da rauni. Babbar lambar da ake bugawa a kwali, kamar 100MB/s ko 120MB/s, kusan koyaushe saurin karatu ce, kuma ƙololuwarsa ce, ba abin da yake yi a kullum ba. Abin da ya shafi mai kyamara su ne ƙananan alamomin da ke jikin memorin. Lamba 10 a cikin harafin C, ko 1 a cikin harafin U, ko V10, duk alƙawari ɗaya ne: ba zai yi ƙasa da mega 10 a sakan ba wurin rubutu. Lamba 3 a cikin U, ko V30, mega 30 ke nan. Sai V60 da V90 na manyan kyamarorin bidiyo. Alamar A1 da A2 kuwa ta masu sa manhajoji ce a waya, kada ka ƙara ko sisi saboda ita idan kyamara za ka sa wa.

Idan hoto ɗai-ɗai kake ɗauka a tsarin JPEG, ka danna, ka duba, ka gyara tsayuwa, ka sake dannawa, wallahi mai V10 na gaskiya ya ishe ka. Na yi aiki da irinsu da daɗewa ba tare da wata matsala ba, kuma hoton da ya fito daidai yake da wanda memori mafi tsada zai ajiye. Memori ba ya ƙara wa hoto kyau, ba ya rage masa.

Matsalar tana farawa ne idan ka koma RAW, wato ɗanyen hoto mai babban fayil, ko ka riƙe maɓalli kyamara tana ɗauka a jere. Kowace kyamara tana da 'yar ma'ajiyar wucin gadi a cikinta, inda hotuna ke sauka kafin su wuce cikin memori. Kamar mazurari ne a bakin kwalba: kana iya zubawa da sauri har ya cika, daga nan sai ka jira gwargwadon faɗin bakin kwalbar. A ce kyamararka mai megafiksel 24 ce, hoton RAW guda yana kai wa kimanin mega 25. Hoto 20 a jere mega 500 ke nan. Memori mai mega 10 zai kwashe kusan sakan 50 yana haɗiye su, mai mega 30 kuma ƙasa da sakan 20. A tsawon wannan lokacin 'yar fitilar nan tana ta ƙiftawa, kyamara ta yi nauyi, wasu ma ba sa barin ka duba hoto ko ka canza wani saiti. Idan abin da kake ɗauka mai motsi ne, ko taro ne da ba a maimaita shi, sakan 50 asara ce ta gaske. Kuma don Allah, muddin fitilar tana ci, kada ka buɗe murfin memori, kada ka cire batir. Yawancin lalacewar fayil da na gani a hannun mutane daga nan ta fito, ba daga arahar memorin ba.

Bidiyo ya fi hoto tsanani, domin shi ba ya jira. Bidiyon 1080p na yawancin ƙananan kyamarori bai kai mega 10 a sakan ba, don haka mai V10 yana ɗauka. Amma bidiyon 4K, wanda ya fi shi kaifin hoto, mai megabit 100 a sakan yana zubo megabayit 12.5 a kowane sakan babu tsayawa, wato ya wuce alƙawarin V10. Sai ka ga an fara lafiya, can kyamara ta tsayar da ɗauka da kanta. Wasu kyamarorin ma tun farko suke ƙin fara 4K idan ba su ga U3 ba. Abin farin cikin shi ne yanzu tazarar kuɗi tsakanin V10 da V30 ba ta da yawa, saboda haka shawarata ga duk mai kyamara ita ce V30 ya zama mafi ƙarancin abin da zai saya. A ɗaya ɓangaren kuma kada tsada ta ruɗe ka. Memorin UHS-II, mai layi biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa, yana kai wa mega 312, amma idan ramin kyamararka UHS-I ne, layi ɗaya kawai za ta taɓa, ba zai wuce mega 104 ba ko da a takarda. Ka biya kuɗin saurin da ba za ka taɓa gani ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato jabu. Ana ɗaukar memori mai giga 8 ko 16, a sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ya riƙa shaida wa kowace na'ura cewa shi giga 128 ne ko 512, a buga masa sunan sanannen kamfani a jiki. Kwamfuta za ta yarda, kyamara za ta yarda. Hotunan farko za su shiga lafiya, su buɗe lafiya, hankalinka ya kwanta. Da zarar an wuce ainihin girmansa, sabon abu ko dai ya hau kan tsoho ya shafe shi, ko ya tafi inda babu komai. Sunayen fayilolin suna nan a jere, girmansu yana nan, amma ka buɗe babu hoto. Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa sai ranar da ka fi yin aiki da yawa. Na ga wanda wannan ta faɗa wa bayan ya wuni yana ɗauka, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da tun farko ba a rubuta shi ba. A na'urar waƙa alamarsa ita ce waƙoƙin farko su yi, na baya su riƙa tsallakewa ko foldodi su koma wasu haruffa marasa ma'ana.

Kwali ba ya raba gardama, masu jabu sun ƙware a kwaikwayo. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw ga masu Windows, da F3 ga masu Linux da Mac. Abin da suke yi shi ne su cika memorin maƙil da bayanai, sannan su karanta su duba ko duk abin da suka rubuta ya dawo. A ƙarshe za su nuna maka girmansa na gaskiya da saurin rubutunsa da na karatu. Gwajin yana cin lokaci, babban memori kan kai awanni, amma ni ba na sa hoto ko ɗaya a sabon memori, mai tsada ko mai araha, sai ya wuce wannan jarrabawa. Ka yi gwajin tun lokacin mayar da kaya bai ƙure ba. Ka kuma sani cewa idan Windows ta nuna maka giga 59 da ɗoriya a memori mai 64, ko 119 a mai 128, wannan ba ha'inci ba ne, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta.

Akwai kuma na tsakiya, waɗanda ba jabu ba ne amma sunan da ke jikinsu ba wanda ya san shi. Kamfanonin da ke ƙera ainihin ƙwayar ajiyar ba su da yawa a duniya: Samsung, SK hynix, Micron, Kioxia da abokin haɗin gwiwarsa SanDisk, sai YMTC na China. Sauran saye suke yi su haɗa, kuma ƙwayar da ake sayarwa daraja-daraja ce. Shi ya sa marar suna yake zama sa'a: wani ya yi shekaru, wani ya mutu cikin wata biyu, alhali kwalinsu ɗaya. Na waƙa ba na damuwa, tunda waƙoƙin suna kwamfuta, idan ya mutu a sake zubawa. Na kyamara kuwa, gara mini memori mafi araha na sanannen kamfani, daga mai sayarwa amintacce, da babban memori marar asali.

Kowane memori yana tsufa, domin ɗakunan ajiyarsa suna da iyakar sau nawa za a rubuta a goge. Mai ɗaukar hoto na yau da kullum da wuya ya kai wannan iyaka. Kyamarar mota da ta tsaro su ne masu cinye memori, saboda dare da rana suke rubutu, su ne ake saya wa mai alamar High Endurance. Idan wata rana memorinka ya ƙi karɓar sabon abu, ya ƙi goguwa, amma yana buɗewa, to sau da yawa ya kulle kansa ne saboda ya gaji. Kwashe abin da ke ciki nan take. Amma kafin ka yanke masa hukunci, duba ɗan makullin hana rubutu da ke gefen adafta, wato kwanson da ake sa ƙaramin memori a ciki don ya shiga babban rami, domin a adafta mai araha yakan yi sako-sako ya zame da kansa. Don haka ma na fi son cikakken SD a kyamara maimakon ƙaramin microSD a cikin adafta.

Ga abin da zan yi da ni ne kai, Malam. Na'urar waƙa in saya mata giga 32 mai Class 10, mafi arahar da na samu daga sanannen kamfani. Rarar kuɗin in ƙara a na kyamara, in ɗauki V30, kuma giga 64 guda biyu maimakon 128 guda ɗaya, yadda idan ɗaya ya ba da matsala ba a rasa komai gaba ɗaya ba. Fomatin a cikin kyamarar za ka riƙa yi, ba a kwamfuta ba, kuma sai bayan ka tabbata hotunan sun sauka a wuri biyu. Kada ka riƙa yawo da memori ɗaya tsakanin kyamara da na'urar waƙa. Idan ka yi kuskuren goge hotuna, daina ɗauka a kansa nan take ka gwada manhajar PhotoRec, ita ma kyauta ce, tana yawan dawo da su matuƙar ba a rubuta wani abu a kansu ba.

Ka turo mana sunan kyamarar da lambarta, da ko kana ɗaukar 4K, sai a duba maka ko ramin nata UHS-I ne ko UHS-II kafin ka fitar da kuɗinka. Allah Ya sa a dace.