Amsa ga Mama a kan samarin da suka ware

Salama a gare ku 'yan'uwa. Mama, na saurari muryarki a kan samarin nan na ikilisiyarku a wajen Zuru, waɗanda suka ware suna addu'ar dare a gidan wani, suna cewa mace mai 'yan kunne ba za ta ga sama ba, shan magani kuma rashin bangaskiya ne. Kin ce dattawa za su sa su a horo ranar Lahadi. Don Allah a dakata tukuna.

Maganar magani ba ta jiran taron dattawa. In akwai mai ciki ko yaro mai zazzaɓi a gidajensu, yau ɗin nan 'yan Zumuntar Mata biyu su je. Zazzaɓin cizon sauro in ya kai yaro ga jijjiga, kwana ɗaya ko biyu ya isa a rasa shi. Su buɗe musu Ishaya 38:21, inda annabin da kansa ya sa aka ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya ce zai warke. Luka ma likita ne, Kolosiyawa 4:14.

'Yan kunne kuwa, a zauna da su a karanta 1 Bitrus 3 daga farko, su karanta da bakinsu. Aya ta 3 ta haɗa kitso da zinariya da tufafi wuri ɗaya. To in haramci take nufi, har tufafin ke nan? Wadda zuciyarta ta ce ta cire, ta cire, Romawa 14 ta ba ta wannan, amma kada ta mai da shi sharaɗin ceto.

Sai a bi Matta 18:15-17 yadda take. Mutum ɗaya ya fara zuwa a asirce, wanda suke jin kunyarsa, ko malaminsu na makarantar Lahadi, ba faston da suka riga suka kira mai sanyi ba. In sun ƙi, ya koma da ɗaya ko biyu, sakatare ya rubuta rana da abin da aka faɗa. Inda ake ɓata abu shi ne a tsallake waɗannan a kira sunayensu daga bagade. Nan take za su ce ana tsananta musu saboda Almasihu, su fita, su ja ƙannensu. Ranar gayya sai ki ga wa da ƙane ba sa shiga gona ɗaya. Abin yana ci mini rai, don yawancinsu ƙishin Maganar Allah ne ya kai su can.

Amma ki sa ido a kan jagoran. In ya ce shi kaɗai Allah ke yi wa magana, ko baiko na shiga aljihunsa ba mutum biyu da suka ƙirga, ko ya hana su gaida iyayensu da maƙwabta Musulmi, ko ya sa yara azumi ba ruwa, to ya wuce ƙarfin dattawan gida. A rubuta wa shugabannin gunduma, DCC in ECWA ce.

In har horon ya zama dole, a dakatar da su daga Jibin Ubangiji da jagorancin waƙa, amma ƙofar sujada a buɗe. A sa wa'adi, a ba kowanne dattijon da zai riƙa ziyartarsa duk mako, a kuma karanta 2 Korintiyawa 2:6-8 kafin a tashi. Mama, in akwai mai ciki, ki fara da gidanta, ki sanar da mu yadda kuka same ta.