Dillali ya ce "fowil" ce, amma ta kafe a taɓo

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi RAV4 ƙirar 2010 'yar Kwatano. Dillali ya ce min fowil ce, wato mai ja da tayoyi huɗu, ga kuma rubutun 4WD a bayanta. Da damina ta kankama na nufi gona, ta kafe a taɓo sai da tarakta ta jawo ta. Bakanike ya ce wai AWD ce. An cuce ni ne? Zan iya mayar da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a ganina dillalin bai yi maka ƙarya ba, domin Toyota da kanta ta manna wannan rubutu. Motar ce ba ta aikinka ba.

Fowil ɗin da kake nufi shi ne irin na Hilux. A kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke ja. In hanya ta ɓaci, direba ya sa 4H, gaba da baya su ɗaure su juya tare. In abin ya yi tsanani sai 4L, ƙaramar giyar da ke rage gudu ta ninka ƙarfi, mota ta riƙa rarrafe cikin yashi ko taɓo. Shi ya sa ba a barin irin wannan a 4H kan busasshiyar kwalta: a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, ƙarafan sai su yi ta cin juna.

RAV4 ɗinka kuwa tayoyin gaba ne ke yawancin aiki, na'ura ce ke tura ƙarfi baya idan ta ji santsi, wannan tsarin ne bakanikenka ya kira AWD. Tana da maɓallin kulle da ke sa gaba da baya su ja tare, amma yana sakin kansa da zarar ka wuce kimanin kilomita 40 a awa, kuma 4L babu ita sam. Haka CR-V da Highlander da Lexus RX suke, duk ba su da ita. Motoci ne na ruwan sama a kan kwalta da hanyar burji. Ga cikinsu kusa da ƙasa. Da ciki ya zauna kan taɓo, tayoyi huɗu sai su yi ta juyi a banza.

Batun mayarwa: malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓi idan an ɓoye masa aibi, dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018 ma ta hana yaudara a ciniki. Sai dai rashin 4L ba aibi ba ne, haka aka ƙera ta. Da ka ce masa motar shiga fadama kake so, ya amsa a rubuce ko gaban shaidu, da kana da ta cewa. Tambayar nan da gwada mota kafin biya nauyinka ne, shi dillali la'adarsa yake nema.

Akwai abu ɗaya da zan so ka duba tukuna. A ɗora motar a rami, a ga ko farfelar da ke kai ƙarfi tayoyin baya tana nan. Wasu kan cire ta idan ta lalace, ko don wai a rage shan mai, sannan a sayar da motar a haka. In babu ita kuma ba a gaya maka ba, wannan ɓoye aibi ne. Ka ɗauki hoto, ka tafi da bakaniken wurin wanda ya sayar maka da motar.